Oksijin sensa ta kafe a salansa ta ƙi fita, dan Allah a taimaka

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawara, yau kwana uku ina fama. Motata Corolla ce 2003, a hannun yayan matata na saye ta shekara shida da suka wuce, shi kuma daga Kwatano aka hawo masa da ita, 'yar Amurka ce. Ban taɓa samun matsala da ita ba wlh sai canjin mai da fulogi, da ita nake kai yara makaranta in wuce wajen aiki, in an tashi kuma in ɗan ɗebi fasinja zuwa unguwarmu saboda tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashi ba ya kai mu ƙarshen wata. To wajen wata biyu kenan wutar cek, wato wutar gargaɗin inji da ke gaban direba, ta kama, kuma na lura man da nake sha ya kai ni sati yanzu kwana biyar ya ƙare. Na kai aka sa mata kwamfuta aka ce oksijin sensa ce, wato 'yar na'urar da ke jikin salansa tana auna hayaƙi. Na je Ƙofar Ruwa na sayo wata 'yar Beljiyam, na ce bari in canja da kaina ranar Asabar tunda murɗawa ce kawai. Na sa sifana na ja na ja ko motsi, har sifanar ta zame kusurwa biyu na kan notin sun fara cinyewa. Ranar Juma'a mai zuwa ne ɗaurin auren ƙanwata a Zariya kuma ni zan ɗauki su Hajiya. Ya zan yi?

Oga Na Gareji: Wa alaikumus salam. Malam ka yi ta ba mu tarihin mota ba ka faɗi abin da ake buƙata ba. Wace sensa ce, ta sama da ke gaban indomi, wato abin tace hayaƙi da ke cikin tukunyar salansa, ko ta ƙasa da ke bayansa? Wace lamba kwamfuta ta nuna? Wace irin sifana ka sa? Kuma kafin ka ba ni amsa, ajiye sifanar nan, kar ka ƙara taɓa notin.

Baban Khalifa: Oga yi haƙuri, ta sama ce, wadda ke bayan inji wajen da hannu ke shiga da ƙyar. Lambar P0135 yaron ya rubuta min a takarda. Sifana mai buɗaɗɗen baki ce lamba 22, daidai take ai, ba wai na sa wadda ta yi mata yawa ba ne.

Oga Na Gareji: Lambar daidai ce, 22 ne kan nata, sifanar ce ba ta aikin ba. Mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take riƙewa cikin shida, ka matsa ƙarfi bakin ya buɗe ta sule ta ci kusurwa. Ka ji yadda ake yi, shekara ashirin ina wannan aikin. Na farko ka zare soket ɗin wayar, ka datse wayar daga gindin sensa tunda ta mutu ba amfaninta za ka sake ci ba, sai ka zura ringi ko dogon soket lamba 22 mai kusurwa shida, ba mai sha biyu ba. Na biyu ka je wajen mai walda da gas ya gasa maka ƙarfen da ke kewaye da ita, wato zoben da aka murɗa ta a ciki, ba ita sensar ba. Zoben ne ake so ya buɗe ya sake ta. Na uku, kuma nan ne mutane ke kuskure, kar ka fara da kwancewa, ka ɗan ƙara ɗaure ta kaɗan tukuna har ka ji ta ce ƙas, tsatsar ta karye kenan. Daga nan ka kwance kwata, ka mayar, ka zuba mai, ka kwance rabi, ka mayar, a hankali har ta fito. In ka ji ta fara motsi ka yi zumuɗi ka murɗe gaba ɗaya, za ta fito da haƙoran zoben a jikinta.

Abu Hanif: Ni dai nawa ganin ba sai an kai ga wuta ba. Ka fesa WD-40 da daddare, da safe ka ƙara, ka yi haka kwana biyu, sannan ka tada mota ta yi minti biyar salansa ta ɗan yi ɗumi sai ka gwada. Haka na cire ta Accord ɗina.

Ɗan Panteka: WD-40 ɗin kasuwar nan rabi kananzir ne. Man birki ka ɗiga mata ya kwana. Amma ka kula kar ya taɓa fenti, yana ɗaye shi.

Oga Na Gareji: Abu Hanif taka ba ta kafe ba ne shi ya sa. Motar da ta zauna a jihohin Amurka masu ƙanƙara inda ake barbaɗa gishiri a titi, ƙasanta duk tsatsa ne, ga sensar nan ta shekara ashirin tana shan zafi tana hucewa kullum, ƙarfe ya riga ya auri ƙarfe. Fesa mai ba ya shiga nan. Wuta ce maganinta.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai. Amma gaskiya maganar datse waya ban so ba. Idan na datse kuma ta ƙi fita fa? Yanzu ko ba komai motar tana tafiya. Shi ya sa jiya na koma na sayo soket ɗin nan mai tsaga a gefe wanda waya ke bi ta ciki, mai kayan ya ce na sensa ne musamman. Shi ma da na sa bututu a hannun na danna sai na ji yana buɗewa.

Oga Na Gareji: To ai ka gani da idonka. Mai tsagar nan na ɗaure sabuwa ne da cire wadda ba ta yi gardama ba. Kuma ka ƙara cin kusurwa ta uku kenan ko? Ka ci gaba da tausayin wayar sensar da ta mutu, za ka wayi gari notin ya zama kamar kwabo, sai an sauke manifol, wato kan salansa da ke haɗe da inji, gaba ɗaya, wajen saukewar ma kusoshinsa na iya karyewa a jikin inji.

Maman Ilham: Yayana ni shawarata ɗaya, duk inda za ka kai ta kar ka matsa ko nan da can. Bara na kai tawa a duba min ƙarar salansa, aka ce in dawo da la'asar, na dawo na biya na tafi. Tun daga ranar mota ke shan mai tana wani irin wari, sai da mijina ya kai wani wuri aka leƙa aka ce an fasa tukunyar an kwashe indomin an mayar an yi walda. Muka koma wajen mutumin ya rantse da Allah haka ya gan ta. Har yau abin na ci min rai, ba kuɗin ba ma, rantsuwar.

Ɗan Panteka: Hajiya wannan ya zama ruwan dare, akwai ƙarafa masu tsada a cikin indomin shi ya sa ake sayensa. Ni da kaina an yi min a mota ta haya.

Oga Na Gareji: Allah ya isar miki Hajiya, amma a daina yi mana kuɗin goro. Wasunmu da sana'ar nan muka aurar da 'ya'ya ba mu taɓa ɗaukar ko noti na wani ba. Mai mota ma sai ya zo ya ce gyara in na samu zan kawo, shekara ta zagayo ba ka ƙara ganinsa ba.

Mai Wayarin Sabon Gari: Ku tsaya, duk an tafi kan yadda za a cire, ba wanda ya tambaya ko tana buƙatar cirewar. P0135 maganar hita ce, wato ɗan abin da ke cikin sensa yana ɗumama ta da wuri don ta fara karanta hayaƙi tun inji bai gama zafi ba. Lambar ba ta ce lallai sensa ta mutu ba, cewa ta yi layin hitar na da matsala. Waya huɗu ne da ita, biyu masu kala ɗaya su ne na hita. Ka zare soket a sa mita a kan biyun nan, in mita ta nuna a yanke yake to ta mutu, a datse a cire. In ta nuna lafiya, a duba fiyus da wayar da ke zuwa mata, sau nawa na ga wayar ta kwanta a jikin salansa ta narke ko ɓera ya ci. Aikin minti biyar ne. Kuma ita 'yar Beljiyam ɗin da ka sayo ka auna ta ita ma kafin ka sha wahala, tsohuwa ce aka ciro daga wata motar.

Baban Khalifa: Malam mai kayan na san shi tun muna yara, ba zai ba ni matacciya ba, kuma Denso ce a rubuce a jikinta, irin ta kamfani. Sabuwa a kwali da na tambaya kuɗinta ya fi ƙarfina, ga hidimar biki. Shi kuma yaron kwamfuta ai ya ce sensa ce.

Mai Wayarin Sabon Gari: Yaron lamba ya karanta maka, bai auna komai ba.

Oga Na Gareji: A mota mai wannan shekarun in ka ga lambar nan sensa ce, ba sai an ɓata lokaci ba. Baban Khalifa ka yi abin da na ce. In ta fita ka sa a bi ramin da taf, wato ƙarfen yanka haƙoran noti, M18 mai tazarar 1.5 ya gyara haƙoran, ka shafa man hana kafewa kaɗan a haƙoran wadda za ka saka, kar ya taɓa kan da ke shiga hayaƙi. Ka fara murɗa ta da hannu, kar ka ɗaure kamar notin taya. In haƙoran sun tafi duka mai walda ya yanke zoben ya ɗora wani. Kuma wajen gasawa a kare wayoyi da robobin da ke kusa, a ajiye ruwa ko yashi a gefe.

Abu Hanif: Wuta a bayan inji a wannan matsin, ni dai ba zan yarda a yi wa tawa ba. Ka je bikinka da ita a haka, ba abin da zai same ta sai ɗan shan mai, in ka dawo a yi a natse.

Baban Khalifa: Wlh kaina ya ƙara ɗaurewa. Na ɗiga mata man birki yanzu kamar yadda Ɗan Panteka ya ce, zan bar ta ta kwana. Gobe in Allah ya kai mu zan ƙara gwada soket ɗin sau ɗaya kawai, a hankali, in ta ƙi sai in san abin yi. Akwai wanda ya taɓa zuwa Zariya daga Kano da wutar cek a kunne da mutum biyar a mota?

Oga Na Gareji: Na ce maka kar ka ƙara sa soket ɗin nan.