Muhawara: jarin tasiri sabon abu ne, ko suna kawai aka sauya?

Alhaji: Jama'a, ni ina nan kan bakata. Wannan jarin tasiri da ake ta yayatawa, ESG ne, wato duba muhalli, al'umma da shugabancin kamfani kafin a zuba jari, aka ɗinka wa sabuwar riga don masu kula da asusu su ƙara kuɗin aikinsu.

Hajiya: Alhaji, ba ɗaya ba ne. Mai duba ESG tambayarsa ita ce: yadda kamfanin nan ke tafiyar da muhalli, ma'aikata da shugabanci zai jawo wa kuɗina asara ko kuwa? Aljihunsa yake karewa. Ka tuna a Mayun 2022 an cire Tesla mai ƙera motocin lantarki daga jerin ESG na manyan kamfanonin Amurka na S&P 500, ExxonMobil mai haƙar man fetur kuwa ya zauna daram. Mai jarin tasiri shi tun farko yake faɗin abin da yake son kuɗinsa ya gyara, ya auna shi, kuma ya nemi riba.

Malam: Akwai na uku ma, tacewa. Ka ce kuɗina ba za su shiga giya, caca ko taba ba. Wannan kauce wa ɓarna ne, bai gina komai ba.

Alhaji: Duk na ji. Amma niyya a zuci take, Hajiya. Kowa na iya rubuta ta a takarda. Sunan kansa a 2007 aka raɗa shi, a taron Gidauniyar Rockefeller a Bellagio ta Italiya, sannan ƙungiyar masu jarin tasiri ta duniya, GIIN, ta ce kasuwar ta haura dala tiriliyan ɗaya da rabi a 2024. Duk wannan kuɗin talaka ya gani a ƙasa?

Mai lissafi: Ranka ya daɗe, a nan ina bayanka. Idan ka sayi hannun jarin kamfanin wutar sola a kasuwar hannun jari, kuɗinka ga wanda ya sayar maka suka tafi, kamfanin bai ga ko sisi ba. Tambayar da ke raba gardama ita ce: da ba ka zuba kuɗin ba, aikin zai yiwu? In zai yiwu, to ka shiga harka mai kyau, amma ba kai ka kawo canjin ba. Asusu da yawa masu wannan suna ba za su tsallake tambayar nan ba.

Hajiya: To ga wanda ya tsallake. A 2010, a gidan yarin Peterborough na Ingila, masu jari suka haɗa kusan fam miliyan 5 don tallafa wa fursunoni masu gajeren wa'adi bayan an sallame su. Sharaɗin shi ne ba za a biya su ba sai komawa ga laifi ya ragu da aƙalla kashi 7.5 cikin 100. Ya ragu da kashi 9, aka biya su a 2017.

Alhaji: An yi irinsa a gidan yarin Rikers da ke New York da kuɗin bankin Goldman Sachs, ai rushewa ya yi a 2015.

Hajiya: Madalla, ka kawo min hujja da kanka. An san ya gaza ne saboda an auna. Wane asusun ESG ka taɓa ji an rufe don bai rage talauci ba?

Malam: Hajiya, a yi hattara da awon nan. Bankin Compartamos na Meziko ya ƙirga dubban mata da ya ba ƙananan rance, adadi mai daɗin ji. Da ya shiga kasuwar hannun jari a 2007 masu shi suka kwashi riba, alhali kuɗin ruwan da yake karɓa ya kusa kashi 100 a shekara. Muhammad Yunus, jagoran harkar ba talakawa ƙananan rance, da kansa ya soke su. Ƙirga mutum nawa aka ba rance abu ne mai sauƙi, sanin ko sun fita daga ƙangi shi ne aikin.

Mai lissafi: Shi ya sa ƙa'idoji 9 na jarin tasiri da IFC, reshen Bankin Duniya mai zuba jari a kamfanoni masu zaman kansu, ta fitar a 2019 suka haɗa da a kawo wani daga waje ya tantance.

Alhaji: Wa ke biyan mai tantancewar?

Mai lissafi: Mai asusun.

Alhaji: To, a kawo min asusun da ya wallafa inda ya gaza, sai mu ci gaba.