Yaya zan tsara makarin sihiri a wasana ba tare da ya kashe daɗin wasan ba?

Mai_Alƙalami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta dokokin wani wasan tebur irin na labari, wanda kowa ke riƙe da jaruminsa ana jefa dayis mai fuska 20, komai ya zauna sai wajen makari. Yadda na tsara shi yanzu, idan matsafi ya fara karanta sihiri, matsafin ɗaya ɓangaren zai iya ƙona gurbin sihiri ɗaya (wato ɗaya daga cikin ƙididdigaggun damar yin sihiri da yake da su) ya karya shi nan take. Da muka gwada, yaron da ke riƙe da matsafi ya zauna yana jiran layi ya zagayo kansa, ya shirya ƙwallon wuta, yana buɗe baki na ce an karya, sai kawai ya ajiye dayis ɗinsa ya ɗauki waya. Wallahi abin ya dame ni, ga asarar gurbi ga asarar layi kuma babu abin da ya faru a labarin. In cire makarin ne gaba ɗaya ko akwai gyara?

Tsohon_GM:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kar ka cire, wannan matsalar har Dungeons & Dragons, sanannen wasan tebur irin naka, ta sha fama da ita. A bugun 2014 makari sihirin mataki na 3 ne, yana kai ƙafa 60, duk sihirin da bai wuce mataki na 3 ba yana karyewa ba tare da an jefa komai ba, in ya wuce sai ka jefa ka nemi 10 a haɗa da matakin sihirin. To a gyaran 2024 sai suka juya abin, wanda ake so a karya wa shi ne ke jefa dayis ya kare kansa da ƙarfin jikinsa, kuma ko ya faɗi gurbinsa bai ƙone ba, layin kawai ya rasa. Ka ga sun rage asarar daga biyu zuwa ɗaya. A bugu na 3.5 kuwa sai ka sadaukar da naka layin kana jira, ka gane sihirin da ake yi, sannan ka karanta irinsa sak ko kishiyarsa, kamar na rage gudu ya karya na ƙara gudu. Wannan ya yi tsada har mutane ba su cika amfani da shi ba. Naka ya yi arha, wancan ya yi tsada, tsakiya za ka nema.

Hauwa_d20:
Ni a ganina ba farashin ba ne asalin ciwon, ciwon shi ne sakamakon "ba abin da ya faru". Ka sa su biyun su jefa dayis a tare kowa ya ƙara matakin gurbin da ya kashe. In mai makari ya wuce da 5 ko fiye sihirin ya karye duka. In tazarar ba ta kai 5 ba sihirin ya fita amma a raunane, ɓarnar ta koma rabi ko da'irar ta ƙanƙance ko ya kauce ya bugi bango rufin ya fara rubzowa. In kuma mai makari ne ya faɗi sosai to wani abu ya dawo kansa, ko da rasa damar yin makari a zagaye na gaba ne. Haka yaron nan naka zai riƙe dayis a hannu yana fafatawa, ba kallo zai yi ana ƙwace masa layi ba. Sannan don Allah ka hana karya makari da wani makarin, da zarar matsafa sun kai uku a fage sai ka ga ana ta na karya naka, ni ma na karya naka, mai takobi yana zaune shiru.

Bello_Dayis:
Hauwa na yarda da ke amma akwai abin da ba a taɓo ba, shin mai makari ya san wane sihiri ne ke zuwa? In mai jan wasa, wato mai ba da labarin da ke riƙe da abokan gaba, ya faɗi sunan tun farko to babu wata caca, kowa zai ajiye makarinsa sai babba ya zo. Gara ya siffanta kawai, ya ce iska ta ɗau zafi hannun matsafin ya yi ja, ɗan wasa ya yanke shawara da abin da ya gani. Kuma dokar ta hau kan kowa, shi ma mai jan wasa ya rubuta sihirin mugun a takarda ya kife kafin a ce an karya, don kar a zarge shi da canzawa.

Mai_Alƙalami:
Na gode ƙwarai. Zan ɗauki jifan fafatawa na Hauwa da takardar Bello. Abin da ya rage min, in sihirin ya karye duka, a mayar wa mutum gurbinsa kamar na 2024 ko ya ƙone?

Tsohon_GM:
Ka mayar masa, amma na mai makari ya ƙone ko ya ci ko bai ci ba. Ka gwada hakan da matsafa biyu a kowane ɓangare ka ga ko mai takobi na samun abin yi.