Abin da ke sa mutum ya bar motarsa a gida

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda za a rage dogaro da mota a zirga-zirgar yau da kullum, shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a fara gyara tsarin gari kafin a sayo motocin haya. Idan gidaje suna nan, wuraren aiki da makarantu suna can wata uwa duniya, ko ƙaramar buƙata sai an nemi abin hawa. Idan kuwa suna unguwa ɗaya, ƙafa da keke sun wadatar.

Masu tsara birane kan ƙiyasta cewa mutum zai yarda ya taka kimanin mita 400 zuwa tashar bas, ko 800 zuwa tashar jirgin ƙasa. Shi ya sa aka ce a tara gidaje da ofisoshi kusa da tashoshi. Birnin Kuritiba na Brazil ya kama wannan hanya tun 1974: ya ware wa bas layinta, ya jera dogayen benaye a gefensa.

An kuma nanata cewa bas ta riƙa zuwa akai-akai, kuma a ganina nan ne ƙashin bayan maganar. Wadda ke zuwa duk minti goma ba a tsoron ta wuce mutum; wadda sai bayan awa guda, mai mota ba zai jira ta ba.

Faɗaɗa titi bai samu magoya baya ba, domin sabon fili sababbin motoci yake jawowa. Inda aka rabu shi ne harajin cunkoso, wato kuɗin da mai mota ke biya don shiga tsakiyar gari, irin wanda Landan ta fara a 2003: wasu sun yaba, wasu suka ce kada a ɗora shi sai an samar wa talaka bas mai inganci.