Shekara Guda Ina Ba Kano Dariya: Mai Amsa Ya Amsa

Ɗan Yakasai:
Salamu alaikum. Shekara ke nan cif da na fara sakin labaran barkwancin rayuwata a Facebook. Ga baitoci, amsa-amon "ya" ne, kada wani ya karya mana shi.

Bismillahi na buɗe baki da safiya,
Shekara ta zagayo mini da lafiya,
Ina zuba labarina a fuskar waya,
Wahalar birni nake mayarwa dariya,
Ana karanta ni daga Dala har Zariya.

Na faro da ranar da na hau Adaidaita,
Daga Kwari zan sauka a Ƙofar Mata,
Direba ya ce ba canji, sai mu daidaita,
Ya haɗa ni da wata tsohuwa da jikarta,
Muka yi ta shari'ar ɗari biyu a kan hanya.

Wanda na tsara da azanci da hikima,
Shiru kake ji, ƙanina bai tanka ba ma,
Ran da na zame a kwata ana ruwan sama,
Har 'yan Legas sun aiko mini da sallama,
Faɗuwata jama'a ke so, ba iyawa ba, gaskiya.

Bazazzagi:
Na ji ka, Bakano, bawan gidanmu,
Kun ce ko da me muka zo an fi mu,
A cika baki kam, na yarda kun fi mu,
Rabin labaranka ka saro a wajenmu,
Sauran rabin kuwa tsagwaron ƙarya.

Ka ce ɗan acaɓa ya yar da kai a Bata,
Bana-banan nan, wai har hula ta ɓata,
Acaɓar da tun 2013 aka hana ta,
Zamanin Kwankwaso birni ya sallame ta,
A ina ka samo naka? Ina tambaya.

Ɗan Yakasai:
Ɗan Zazzau, babur ɗin na maƙwabci ne,
Ba haya na hau ba, ragen hanya ne,
Abin da ya ƙaru a kai gishiri ne,
Ku da ba ku san bandashe ba, me kuka iya?

'Yar Fagge:
Ku dakata da wasan garuruwa, ni ƙara na kawo.

Ɗan kawu, wasa da ni halas ne,
Ka tsokane ni in rama, gadonmu ne,
Amma batun Innata, gwaggonka, daban ne,
Tuwon sunan da ka ce dutsen Dala ne,
Ya kai kunnenta, ta kwana da ƙunar zuciya.

Ka ɓoye suna, ka ce "wata tsohuwa,
Mai haƙorin Makka, mai dogon gaisuwa",
Duk Fagge wa bai gane ta ba, ɗan'uwa?
A WhatsApp na dangi aka yi ta turawa,
Jikoki na karanta mata suna ta dariya.

Kai ka kwashe yabo, ana ce maka gwani,
Ita ko gidan biki ba ta shiga da sukuni,
Mata na tambayarta, "Hajiya, yaushe za a tuƙa wani?"
Wa ya ba ka izinin sayar da ita a waya?

Malam na Jakara:
Yarinyar nan tana da hujja.

Mu mun yi tashe a lungunan cikin gari,
Goma ga azumi muke fitowa da shiri,
Nalako ya ɗaure gwauro, a bi shi da kirari,
Da an ga watan Sallah an bar batun, ba ƙari,
Naka ko baɗi wani zai tono shi a waya.

Jika da kaka, taubashi da taubashi,
Bakano da Bazazzagi, kowa ya san nashi,
Gwaggo uwa ce, ba a kai mata mashi,
Sai ka ɗauki goro ka nufi Fagge da safiya.

Ɗan Yakasai:
Allah gafarta Malam, ai an riga an je.

'Yar gwaggo, jiya na je Fagge da kaina,
Na durƙusa, Gwaggo ta murɗe kunnena,
Ta ce, "Tuwon nan ba nawa ba ne, ɗana,
Na amarya ne, ka gyara, ka sa suna,
Duniya ta san wa ya kasa tuƙi da miya."

'Yar Fagge:
Kada ka kuskura, ɗan kawu, na roƙe ka,
'Ya'yan amarya duk suna bibiyar ka,
Babbansu ɗan dambe ne, ya san gidanka,
Ka fi son karaya ko ka fi son lafiya?

Bazazzagi:
Rubuta abinka, bawana, kar ka ji tsoro,
Ka sa sunan amarya, har da na ƙaro,
In ɗan damben ya biyo ka, ka tsallake shinge ka zuro,
Akwai ɗakin bayi a gidanmu na Zariya.