Tambaya kan gasar kwalejojin shekara biyu a Amurka

Baban Yara, Aboabo: Assalamu alaikum. Ɗana yana buga ƙwallon ƙafa a nan Kumasi, kuma wani koci ya ba shi shawarar neman kwalejin shekara biyu a jihar Washington, wadda ke buga gasa ƙarƙashin NWAC. Mene ne matsayin wannan ƙungiya, kuma shin yaro zai iya wucewa jami'a daga nan?

Malamin Asawase: Wa alaikumus salam, Alhaji. NWAC ƙungiya ce ta yanki da ke shirya wasanni tsakanin kwalejojin al'umma da na fasaha a arewa maso yammacin Amurka, yawancinsu a jihohin Washington da Oregon. Tana cin gashin kanta, ba ta ƙarƙashin NJCAA, ƙungiyar ƙasa wadda aka kafa a 1938 kuma take kula da wasannin irin waɗannan kwalejoji a mafi yawan jihohi. Ɗalibi yakan buga kakar wasa biyu, sannan ya nemi canjin makaranta idan sakamakon karatunsa ya kai, domin jami'a tana duba takardu kafin ta duba ƙafa.

Hajiya daga Nima: Alhaji, abin da ya fi damuna shi ne kuɗi. Ku nemi kwalejin ta rubuto muku abin da tallafin karatu zai ɗauka, idan za ta ba yaron, domin kafin ta ba da takardar I-20 ta neman bizar karatu, sai kun nuna kuɗin ɗaki da abinci.

Baban Yara, Aboabo: Na gode, Malam da Hajiya. Gobe zan sa yaron ya rubuta musu.