Abin da muka tsinta daga hirar kwamfutar kwantam da tsaron bayanai

Mun daɗe muna muhawara da abokan aiki, amma shawarar da ta fi tsaya mini a rai ita ce kada a jira. Tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantam mai ƙarfi (sabuwar irin kwamfuta da ke lissafi da dokokin ƙananan ƙwayoyin zarra) za ta iya karya RSA, makullin da bankuna da intanet suka dogara da shi. Irin wannan kwamfuta ba ta iso ba tukuna. Sai dai ɓarawo na iya kwashe bayanan da aka kulle yau, ya ajiye har ranar da zai iya buɗe su. Bayanan lafiya da sirrin gwamnati kuwa ba sa tsufa da wuri, abin da ya fi damuna ke nan.

Aka ce a fara da ƙidaya: wane makulli ne ke ina a cikin tsarinku? Sannan a koma ga sababbin ƙa'idojin da NIST, hukumar tsara ma'aunai da ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ta fitar a Agustan 2024, musamman ML-KEM, sabon makullin da aka tsara don ya jure wa kwamfutar kwantam, a haɗa shi da tsohon makulli kamar yadda manhajar aika saƙo ta Signal ta yi a 2023.

Rarraba makulli ta ƙwayoyin haske kuwa, wata hanyar tsaro ce daban, amma mafi yawanmu mun ga yana da tsada kuma yana buƙatar na'urori na musamman. AES-256 dai, wani makullin kulle bayanai da ba a ganin kwamfutar kwantam za ta iya karya shi, a ci gaba da shi.