Musayar waƙa: wutar da Firomitiyus ya sato

Ɗan Maƙera

Assalamu alaikum, masu alƙalami. A maƙera na tashi, ina jan zuga-zugi tun ban iya ɗaga guduma ba. Shi ya sa tatsuniyar Girkawa ta Firomitiyus, wanda ya sato wa mutane wuta daga wurin gumakansu da sarkinsu Zeyus, ta tsaya mini a rai. Mawaƙinsu Hesiyod ya tsara ta wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa. Ga buɗewa, babban amsa-amo "ta". Mai amsawa ya riƙe shi.

An yanka sa, aka zo rabo,
Firomitiyus ya shirya wayo,
Ƙashi ya lulluɓe da kitse sabo,
Tsoka kuwa a tumbi ya ɓoye ta.

Zeyus ya miƙa hannu ga kitse,
Ya buɗe ya ga ƙashi a cushe,
Fushi ya hau shi, nan ya rantse
Wuta a ƙasa ba mai ganinta.

Sai gwanin ya tsinko dogon kara,
Garwashi a totuwa ya tura,
Ya sauko ƙasa yana ta hura,
Ya ce wa mutane: ga wuta.

Aka kai shi Kokasas, kan dutse,
Aka ɗaure da sarƙa aka matse,
Gaggafa ta zo kullum da safe,
Ta sa baki ta yagi hanta.

Da dare hantar na sake tohowa,
Gari na wayewa tsuntsu na dawowa,
Bai ce "na tuba" ba ga kowa,
Ni kam na sara wa wannan jarumta.

Uwar Ɗalibai

Ɗana, waƙarka ta yi armashi, amma ka tsallake rabin labarin. Hesiyod ɗin da ka ambata bai ɗauke shi gwarzo ba. A wurinsa mai wayo ne da ya jawo wa mutane.

Ka yabi ɓarawo, ka manta bashi,
Ka ɗauka azabar ta tsaya kanshi,
Zeyus ya yi dariya cikin fushi,
Ya ce mutane ma sai sun ɗanɗana ta.

Aka ƙera mace da ƙasa da ruwa,
Fandora, kyau abin nunawa,
Aka kai wa ƙanen ɓarawon mai mantuwa,
An ce kar ya karɓa, ya karɓe ta.

Ta ɗaga murfin randa ɗaya,
Cututtuka suka cika duniya,
Fata kaɗai ya saura a baya,
Ta mai da murfi ta toshe ta.

To wa ya ci riba, ɗan maƙera?
Ka sami wutar da kake hura,
Amma ta zo mana tare da makara,
Auna nauyin kafin ka yabe ta.

Randa na ce, ba akwati ba. "Akwatin Fandora" da ake ta faɗa kuskuren fassara ne da malamin Turai Irasmus ya yi a ƙarni na 16. Kuma yadda Hesiyod ya tattara laifin duniya ya ɗora wa mace yana ci mini rai. Ba ita ta yi satar ba, ba ita ta yanke hukuncin ba.

Almajirin Zaure

Malama, Allah ya ƙara sani. Ku bari in tsoma baki kafin wani mai karatu ya ji ana yabon mai tsaurin kai ya rikice.

Ku lura, Zeyus ba Mahalicci ba ne,
Ɗan Kuronus ne, haifaffe ne,
Ya kifar da uba ya hau, sarki ne
Da ya ƙwaci kujera yana tsoron rasa ta.

Akwai asirin da ya hana shi barci,
Macen da ɗanta zai iya karɓe mulki,
Firomitiyus ya sani, ya kame baki,
Sarƙa ta kasa fitar da sunanta.

Tsaurin kai ga Allah halaka ne,
Tsaurin kai ga azzalumi daban ne,
Wannan labari na biyun ne,
Ku karanta shi da wannan fahimta.

Macen Tetis ce. An ce duk ɗan da ta haifa zai fi ubansa, sai aka aurar da ita ga ɗan Adam, Feliyus, ta haifi Akilis na yaƙin Taroyi.

Ɗan Maƙera

Na karɓa, Malam. Inna, kin yi gaskiya, na yi gaggawar yabo. Amma bari in faɗi inda abin ya fi kama ni. Akwai wasan kwaikwayon da ake jingina wa Eskilus na birnin Atina, na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Da ɗaurin Firomitiyus aka buɗe shi. Wanda aka sa ya yi ɗaurin maƙerin gumakan ne, Hifastus, ga dogarai biyu a kansa, ɗaya sunansa Ƙarfi, ɗaya Tilas. Tilas ba ta ce uffan ba har aka gama.

Maƙeri aka kira, Hifastus gurgu,
Da masaba da sarƙa a hannu,
Dogaran sarki sun tsare gefensu,
Ana ce masa buga, kar ka sassauta.

Ɗan'uwansa ne, dangi ɗaya,
Yana bugawa da ciwon zuciya,
Turke ya ratsa ƙirji har baya,
Ya ce sana'ar nan ya tsane ta.

Na tuna ranar da aka kawo yaro,
Ubansa ya ce a sa mari don horo,
Baba ya buga, yaron na rawar tsoro,
Daren nan cimarsa ya kasa taɓa ta.

Ni na ja zuga-zugi ƙarfen ya yi ja,
Na riƙe awartaki Baba na ja,
Na ga idon sawun da ƙarfen ya murja,
Har yau ina jin ƙarar, na kasa mantawa da ita.

Gwarzo ɗaya ne a kan dutse,
Masu bugu da yawa, kai a sunkuye,
Na fi kusa da mai guduma a riƙe,
Na san nauyinta, na sha ɗaga ta.

Baƙon Damagaram

Ɗan'uwa, ka sa na ajiye waya na ɗan jima. Mu nan da Faransanci muka fara haɗuwa da waɗannan labarai. Ga wasu biyu da mawaƙin Girkawa Homa ya nuna suna shan azaba a lahirar Girkawa.

Ga Sisifus na Korinti, sarki,
Ya ɗaure Mutuwa ta bar aiki,
Aka ce ya tura dutse kan tsauni,
Dab da ƙoli ya gangaro, ya maimaita.

Tantalus tsaye cikin ruwa,
Ya sunkuya, ruwan na janyewa,
Reshe a sama yana kaucewa,
Ga cima a kai, iska na ɗauke ta.

A 1942, Faransa na ƙarƙashin mamayar Jamus, marubuci Alber Kamu haifaffen Aljeriya ya rubuta cewa a ɗauki Sisifus mai farin ciki ne da dutsensa. Na fahimci lokacin da ya faɗi haka, amma ban bi shi ba.

Kamu ya ce a gan shi cikin farin ciki,
Ina murna take a wannan aiki?
Firomitiyus ya bar wa kowa girki,
Sisifus kansa kaɗai ya so ya ceta.

Uwar Ɗalibai

Gardamar nan tamu an yi ta a cikin gida ɗaya a Turai. A 1818 Meri Sheli ta fitar da labarin Farankinstain, ta yi masa laƙabi da Firomitiyus na zamani. A 1820 mijinta, mawaƙi Fasi Sheli, ya fitar da nasa wasan, inda Firomitiyus ya janye tsinuwar da ya yi wa azzalumin sarki, sarkin ya faɗi.

Mijin ya ga gwarzo ya kwance sarƙa,
Matar ta ga mai ilmin da ya yi ɓarka,
Ya rayar da halitta ya gudu daga ɗaka,
Ya bar ta ba uwa, ba mai renonta.

Ni ina bayan matar, ka sani, ɗana. Amma tun ɗazu zuciyata na wurin yaron nan. An cire masa?

Ɗan Maƙera

An cire, Inna.

Jarumi Hirakilis ya harbe gaggafa da baka,
Na Baba kuwa ba kwari ba baka,
Ya bi uban har gida da roƙo da suka,
Ya sa guduma, ƙafar yaron ta huta.

Marin yana nan rataye a bangon maƙera. Baba ya hana a narka shi, kuma bai sake karɓar irin wannan aikin ba har ya rasu.